Akuyar Inna da Digirin Wasila

Zuwa ga Mai Girma,
Shehun Malami, Uban Masu Nahawu,
Shugaban Cibiyar Ceton Harsuna Masu Shirin Ɓacewa,
can Ƙasar Sanyi.

Ranka ya daɗe. In kuwa mace ce a kan kujerar, ranki ya daɗe, a yi mini uzuri. Takardunku ba sa zuwa da sunan mutum, sai dai "Kwamitin Tantancewa", ni kuwa ban san ta wane gefe ake durƙusa wa kwamiti ba.

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci mutumin da aka ce harsunan da ke kansa sun fi garuruwan da na taɓa sauke fasinja yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran malaman da ke taya ka wannan aikin ceto. Allah ya ƙara basira, ya sa ku riƙa riskar harsunan da sauran numfashinsu.

Sunana Tukur Sahabi. Direba ne ni, ina lodi daga Gusau zuwa Tsafe, gidana yana Tudun Wada. Karatuna ya tsaya a aji biyu na sakandare, ba don an kore ni ba, ni da makarantar ne muka gaji da juna. Turancina bai wuce na gaisawa da jami'an kan hanya ba, shi ma rabinsa murmushi ne. Shi ya sa na rubuto da Hausa. Na san ba za ta gagare ka ba. Mutumin da ke farautar harshen da ba a taɓa rubutawa ba, ai ba zai rasa mai karanta masa wanda ake cinikin tumatir da shi a kowace kasuwa ba. Na kuma bar wasiƙar a buɗe kowa ya gani saboda mun gwada rufaffiya. Mun aika saƙo ta imel, kafin ɗiyata ta ɗauke yatsa daga waya amsa ta dawo: an gode, za a duba. Ban taɓa ganin ofis mai saurin godiya irin naku ba. Dubawar ce dai muke jira har yau.

Ga abin da ya haɗa mu. Ɗiyata Wasila ta karanta ilimin harsuna, digiri na farko da na biyu. Ranar da ta fara na ce mata, "Wasila, harshe ai kowa da nashi a baki, mi za a karanta a ciki?" Ta ce in jira. Ina cikin jiran sai ga sanarwarku: gurbin karatun digiri na uku, a zama dakta, ga duk wanda zai nemo harshen da ba a taɓa rubuta nahawunsa ba ya zauna ya rubuta. Ta ce wasu sai sun hau jirgi sun sauka sun shiga kwalekwale kafin su samo irin wannan harshe. Ita ko takalmi ba ta sa ba. Nata yana miƙe a kan tabarma a tsakar gida yana jin rediyo. Ni ne.

To, ni da mahaifiyata, Inna Ladidi, wadda ke zaune a Rawayya ta ƙasar Bungudu, a gidan autanta Lukuman. Harshen sunansa Kwalmanci, na mutanen Dutsin Kwalmo, wani ƙauye a cikin duwatsun bayan Tsafe. Kada ka wahalar da kanka kana nemansa a taswira. Kasuwa ta fara kwashe matasansa, aure ya kwashe matansa, 'yan bindiga suka zo suka share abin da ya rage. Waɗanda suka watsu Hausa suka kama, tsofaffin kuma suka bi juna. Bara ƙanwar Inna ta rasu, ita ce abokiyar hirarta. Yau a duniya masu iya buɗe baki su yi Kwalmanci mu biyu ne: tsohuwa da direba.

Za ka ce ai abin ya zo da sauƙi, uwa da ɗanta. Nan ne, ranka ya daɗe, iliminka mai yawa ya ɗan yi gajere, kamar yadda wandona na makaranta ya yi mini.

Ni ɗan fari ne. A wajenmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ko kallon tsaf ba ta yi masa. In na je gaishe ta, nakan cire takalmi tun daga zaure, in durƙusa a bakin ƙofa, in gaida ɗakin. Ita kuma ta amsa wa bango. Tun da na zo duniya ban taɓa jin "Tukur" daga bakinta ba. Da ina yaro ni ne "wanga", da na girma na samu ƙarin girma na zama "mai motar nan". Kuma saboda wannan kunyar ce, ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata a Dutsin Kwalmo, can na tashi, can na sha harshen. Ƙannena da suka tashi a gaban Inna ko "zo" ba su sani ba da Kwalmanci, don Hausa aka yi musu. Ka ga ke nan al'adar da ta ba ni harshen ita ce ta hana ni yin sa da mutum ɗaya tilo da ya rage mai jin sa. Ba ku kuka tsara haka ba, na sani. Amma da ku kuka tsara, da ba za ku fi haka gwaninta ba.

Yanzu, cikin ladabi, ga ƙorafe-ƙorafena.

Na ɗaya. Ina godiya da muƙamin da kuka ba ni. A takardarku an rubuta ni "mai ba da bayanai na biyu". Tun da nake ba a taɓa ba ni muƙami ba, ko na ma'ajin ƙungiyar direbobi da na nema, wanda bai iya lissafi ba aka ba. A makaranta in Kwalmanci ya kuɓuce mini, yara su yi ta dariya suna cewa na fara kiran aljanu. Yau ga shi Turawa na roƙon a ɗauko musu kiran aljanun a na'ura. Sai dai jimlolin da kuka aiko in fassara, ranka ya daɗe, wa ya rubuta su? "Da karen da ya ciji mutumin da ya sayar da tukunyar bai mutu ba, da matar ta dawo." Na kwana biyu ina juya wannan magana. Wace mata? Mi ya haɗa ta da karen? Mutumin da aka ciza an kai shi asibiti kuwa? Na tambayi fasinjojina, mota ta rabu biyu, wani dattijo ya ce laifin mai tukunya ne, wata mata ta ce a bar matar nan ta huta inda take. Har muka isa Tsafe ba a daidaita ba. In a ƙasarku haka ake hira, to na gane dalilin da ya sa kuke zuwa neman harsunan mutane.

Na biyu. Kun ce mai magana ya kasance da cikakkun haƙoran gaba, don sauti ya fita daidai. Allah ya ba ka nasara, harshen da ya rage a bakin mutum biyu, a bakin 'yan shekara ashirin kuke zaton samunsa? Inna tana da haƙora, amma ba sa zaune unguwa ɗaya. Ni kuma na gaba guda ya tafi tare da sitiyari a wani hatsari da zan ambata a gaba. In kuna son Kwalmanci mai haƙora, kun makara da kamar shekara arba'in. Wanda ya rage na masu giɓi ne, haka za a rubuta shi.

Na uku. Wasila ta nuna mini taswirarku, inda kuka shafa wa Zamfara jan fenti tun daga sama har ƙasa, kuka ce kamfanin inshorarku bai yarda ɗalibi ya taka jan wuri ba. Ba na musun jan. Ni ke bin hanyar Tsafe, na san wuraren da fasinja ke yin tsit, mai cin gyaɗa ma ya daina tauna. Amma ɗalibar nan a cikin jan take kwana. A cikinsa aka yanke mata cibi. Tsarinku, in na fahimta, shi ne in an ɗauke ta za ku kai ta ƙasarku, ku koya mata yadda ake kiyaye kai a wuri mai hatsari, sannan ku hana ta dawowa wurin. In ce ko in ta zo hutu ganin uwarta, sai ta toshe kunne kada ta ji na yi Kwalmanci, don kada ya zama ta yi bincike ba da izini ba? Wannan ban sa shi a gaba ba, mu fara samun shiga tukuna. Na dai ajiye shi a nan ne don kada ya yi tsami.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni fita lodi yau na zauna rubutu. Kun ce duk mai neman gurbin ya haɗo da hira da aka ɗauka a kyamara, tsakanin masu harshen su biyu, suna fuskantar juna, suna magana "kamar yadda suka saba a gida". Wannan jimla ta ƙarshe na sa Wasila ta maimaita mini ita, don na zaci kunnena ne.

Muka tafi Rawayya. Wasila ta shiga ɗaki, ni na tsaya inda na saba tsayawa. Jika da kaka ka san ba kunya tsakaninsu, sai tsiya. Ina ji tana cewa, "Tsohuwa, yau za ki shiga talabijin. Hira za ki yi da Baba." Inna ta ce, "Da wa?" Wasila ta ce, "Da ɗanki." Sai na ji an yi salati. "Ke ja'ira! Ni in zauna in buɗe baki da wanga? Mi na yi miki? Karatun naku ke nan, a koya muku tsiraita tsofaffi?" Wasila ta ce in ba a yi hirar ba, ba dakta, in kuwa ba dakta, to ta tare a ɗakin Inna ke nan, ta cinye mata daddawa da man shanu har ƙarshen zamani. Inna ta ce ta cinye har da kwanon.

Can sai na ji Inna ta ce wa Lukuman, "Kafa zana a tsakar gida. Ka ɗauro mini Kyalla a gindinta."

Kyalla akuyar Inna ce. Ashe tun rasuwar ƙanwarta, in Kwalmanci ya taru mata a ƙirji, akuyar take zazzage wa in tana ba ta dusa. Ina mai tabbatar maka akuyar nan ta fi duk jikokin Inna jin harshen, har da mai neman zama dakta a kansa.

Aka kafa zana. Inna ta zauna a gefe guda da akuyarta, ni a ɗaya gefen. Da na ga ba ni da abokin magana sai na jawo turmi na ajiye a gabana. Wasila ta kunna na'ura. Zan juya maka abin da aka faɗa zuwa Hausa, tun da har yanzu ba ku ba da damar a rubuta nahawun da za ka ji shi da kanka ba.

Inna ta ce, "Kyalla, an ce wasu mutane in suna tuƙi kamar ana bin su bashin rai. Ki ce musu hanya ba ta gudu." Na ce, "Turmi, ka shaida wa mai akuya cewa masu motar sun rage wuta tun da gwiwa ta fara ciwo." Ta ce, "Kyalla, ciwon gwiwa a wannan shekarun? Na kakansu ne, shi ma haka ya yi ta raki." Na ce, "Turmi, a tambaya mana, furar gidan nan da can tana da kauri, mi ya same ta?" Ta ce, "Kyalla, ki ce wanda bai kawo gero ba ba ya auna kaurin fura da baki."

Ranka ya daɗe, haka muka yi ta yi har inuwa ta juya. Ta lissafa wa akuya sunayen duwatsun garinmu ɗaya bayan ɗaya, da wanda ake hawa a hango hadari, da wanda mata ke shanya tsaki a kansa. Na tuna wa turmi waƙar niƙa ta kakata, na ɓata baiti guda, Inna ta ce wa Kyalla wasu sun girma ba su iya komai ba, ta gyara shi. Kalmomin da na ɗauka sun mutu a kaina suka riƙa tasowa kamar ciyawa bayan ruwan farko. Wasila tana durƙushe tana rubutu.

Daga nan muryar Inna ta sauka. Ta ce, "Kyalla, ke da kike kuka in an raba ki da ɗanki, kowa ya ce Allah sarki. Ni ranar da aka ɗauki nawa za a kai shi dutse, cewa na yi zan je itace. Na bi su daga nesa har bakin gulbi. Yana bisa wuyan kawunsa yana cin ƙuli, ko waiwaye bai yi ba, ɗan banza. Na dawo ba itace, aka yi mini faɗa." Ta ce ranar da motata ta ƙwace ta faɗa rami a hanyar Tsafe, aka zo aka faɗa, ita ce ta ce a ci gaba da sussuka, mi ya shafe ta. Haka aka ba ni labari a lokacin, na kuwa yarda, don haka ya kamata uwar kirki ta ce. Abin da ba a ba ni labari ba, sai ga shi akuya na ji: ba ta sa komai a bakinta ba sai da Lukuman ya dawo daga asibiti ya ce haƙori ne kawai ya tafi. Ta ce tana gane tarin motata tun daga bakin gari, shi ya sa kullum nake tarar da an dama fura "ta baƙi", ni kuwa ina ta mamakin gidan da baƙinsa ba sa zuwa sai ranar da na zo.

Na dafa bakin turmi. Turmi ma ya fahimta.

Wannan hirar muka aiko muku. Ga kuma amsar da kwamitinku mai albarka ya dawo da ita, wadda ita ce ta haifi sauran ƙorafina.

Na biyar. Kun ce masu maganar ba sa fuskantar juna, ba sa yi wa juna magana kai tsaye, don haka hirar "ba ta ɗabi'a ba ce, shiryawa aka yi". Allah ya ja zamaninka, a nan ne na cire hula na sosa kai. Kun ce mu yi yadda muka saba a gida. Muka yi yadda muka saba a gida. Kuka ce ba haka ake sabawa ba. To a gidan wa? Na ɗauka aikinku shi ne ku rubuta yadda mutane ke magana. Ashe sai mun fara koyon yadda kuke so a yi, sannan ku zo ku gano mu muna yi.

Na shida. A farkon ɗauka, bisa ƙa'idarku, Wasila ta tambayi Inna sunan abokin hirarta. Inna ta ce a tambayi waɗanda suka raɗa masa. Sai ga shi a takardarku an rubuta cewa mai magana ta farko "ta kasa tuna sunan ɗanta, akwai alamar ruɗewar tsufa, ba za a dogara da bayananta ba". Ranka ya daɗe, matar nan tana iya gaya maka sunan uwar uwar Kyalla da wanda aka saye ta a hannunsa da irin rowar da ya yi ranar. Sunan da kuka ce ta manta, shekara kusan sittin ke nan tana riƙe da shi a baki ba ta bari ya faɗo ba. Ku gwada riƙe kalma guda haka ko na mako, ku ga in aikin mai ruɗewa ne. Ban bari an fassara mata wannan sashe ba. Ina tsoron abin da za ta gaya wa akuya a kanku, kuma da na'ura a kusa.

Na bakwai. Kun ce akwai "mahalarci na uku" a hirar wanda ba a karɓi amincewarsa a rubuce ba, kuma yana yawan katse magana. Wasila ta ce wataƙila wanda ya saurara bai kalli hoton ba, ya ji ana ta kiran Kyalla ya zaci mutum ce. Ni ban yarda malamai irinku za su yi wannan kuskure ba. Na fi zaton tsananin adalci ne. Saboda haka na tambayi Kyalla ko ta amince, ta ci gefen takardar. A wajenmu wannan amincewa ce. In ana bukatar waliyyi, ga ni. Turmi kuma bai ce a ambace shi ba.

Ranar da amsarku ta zo Wasila ba ta ci tuwo ba. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Uwarta Sadiya ta dube ni kamar ni ne kwamitin. Labari ya kai Rawayya, ban san ta bakin wa ba. Sai ga Lukuman a waya: Inna ta ce a zo da na'urar, kuma a gaya wa mai motar nan ya sa rigar kirki.

Muka je. Ba zana. An kai Kyalla bayan gida an ɗaure. An shimfiɗa tabarma biyu suna kallon juna, kamar za a raba gado. Inna ta fito da sabon zane ta zauna. Na zauna. Tsakanina da ita bai fi a miƙa ƙwarya ba, tun da aka yaye ni ban taɓa matsowa haka ba. Wasila ta kunna kyamara ta ce bismilla.

Ranka ya daɗe, na haɗo maka wannan ɗaukar ita ma, don ka ga amfanin sharaɗinka. Za ka ga tsohuwa tana kallon babban yatsan ƙafarta. Za ka ga ƙato da furfura yana nazarin saƙar tabarma kamar shi zai biya masaƙin. Za ka ji kaza, za ka ji wani yana faskare a maƙwabta, za ka ji Kyalla daga nesa tana neman a sa ta a hira. Gumi ya jiƙa mini rigar kirkin. Sau da yawa Inna ta buɗe baki, ta ja numfashi, ta mayar. Ta yi iyakar ƙoƙarinta saboda jikarta. Ko kalma guda ba ta fito ba, daga ni har ita. Fuska da fuska, ba akuya, ba katsewa, kowa da takardar amincewarsa. Hira ce mai tsabta irin wadda kuke so. Abin da ta rasa kawai shi ne magana.

Muna nan har batir ya mutu. Wasila ta duba ta ce, "Shi ke nan, ta ɗauke." Ta fara naɗe waya tana share ido da gefen mayafi.

Inna ta dafa ƙasa za ta tashi. Da ta ɗago, idonta ya faɗa a kaina, ina jin bisa kuskure. Sai ta tsaya a haka, rabi zaune rabi tsaye, tana kallona. Sannan ta yi magana da Kwalmanci, ba da akuya ba, ba da bango ba.

Ta ce, "Yaushe ka yi furfura?"

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa a tasha, harsuna biyu da rabi gare ni, duk suka gudu suka bar ni. Ta gyara zanenta ta shige ɗaki. Daga ciki na ji tana yi wa Lukuman faɗa a kan an bar akuya a rana.

Wannan ba ta shiga na'ura ba, don haka ba ta cikin kayan da za ku tantance. Na gaya maka ne kawai don a san cewa cibiyarku ta taɓa yin nasara a Zamfara, ko da ba da saninta ba. A kan wannan ina godiya, kuma wannan godiyar ba irin ta imel ɗinku ba ce.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. An ce kwamitinku zai zauna ƙarshen watan nan ya raba guraben. Ga ɗauka biyu a gabanku: ɗaya da akuya da harshe, ɗaya ba akuya ba harshe. Ku zaɓa. In kun karɓi ta farko, Wasila za ta rubuta muku nahawun Kwalmanci tun daga kan sauti har zuwa matar nan da karen ya hana dawowa, ta kuma ƙara muku babi a kan yadda uwa ke gaya wa ɗanta abin da ke ranta ta hanyar dabba, wanda na tabbata babu shi a ɗakin karatunku. In kuwa kun ce sai an sake nema baɗi, to ina sanar da ku cikin girmamawa cewa Inna ta fara tarin da ba na so tun farkon damina, ni kuma kullum ina kan hanyar da kuka shafa wa ja. Ko Kyalla ba yarinya ba ce. Duk ranar da ɗayanmu ya tafi, wanda ya rage zai iya fuskantar kyamararku yadda kuke so, ido cikin ido, ba kunya ba zana. Sai dai ba wanda zai amsa masa.

Na san cibiyarku ba ta saba makara ba. An ce mini kuna da ɗaki guda cike da harsunan da kuka isa kansu daidai lokacin jana'iza, an jera su gwanin sha'awa, kowanne da lambarsa. Ina roƙon a yi wa namu alfarma a zo da sauran rana.

A huta lafiya. Allah ya ƙara wa kujerarka laushi, ya ƙara wa kwamitinka ji, ya sa in an buɗe wannan wasiƙa mutum ne zai karanta ba na'urar godiya ba. In ka taɓa biyowa ta Gusau, da izinin inshora, kujerar gaba taka ce har Tsafe, ba zan haɗa ka da kowa ba.

Naka mai biyayya, mai durƙuso tun daga zaure,

Tukur Sahabi,
Mai Ba da Bayanai na Biyu,
wanda aka fi sani da Mai Motar Nan,
Tudun Wada, Gusau.